Kwamfutar Darakta, Daga Takur Zuwa Gana

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Asabar, a zauren mai unguwarmu da ke Takur, cikin garin Dutse, mu huɗu ne a zaune. Akwai mai unguwa da kansa, akwai Alhaji Tijjani wanda darakta ne a wata ma'aikatar jiha, akwai Kawu Ila wan mahaifiyata, sai ni Sa'idu mai gyara. A tsakiyarmu, kan tabarma, an ajiye kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda muke kira laftof, tana sanye da rigarta ta jar fata. A kanta aka tara mu.

Bari in fara faɗin yadda aka zo nan, domin ba na son labari marar kai. Rediyo na fara gyarawa tun Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, daga nan na shiga talabijin da bidiyo. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da tsari. A teburina komai da wurinsa, kuma duk abin da aka kawo gyara sai na raba shi da jakarsa da mayafinsa kafin ya hau. Da aka ƙaddamar da shari'a gidajen kallo suka yi sanyi, aikin bidiyo ya ja baya, na koma kan kwamfuta, domin a lokacin manyan ma'aikata sun fara shigowa da ita.

Ta Alhaji Tijjani sabuwa ce ya sayo a ƙasar waje. Bayan 'yan watanni fuskarta ta fara fitar da layuka kore da shuɗi, can kuma sai ta ɗauke ɗif alhali fanka na juyawa a ciki. Da izininsa na canza sikirin. Ta yi kwanaki a teburina tana aiki lafiya lau, na mayar masa, ba a jima ba ta dawo. Na canza siririyar wayar da ke ratsa gaɓar murfi, ta sake dawowa. Na kwance ta na share na ɗaure, nan ma haka. Kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai na wasu manya da suka riƙa yi mini wannan sintiri. Na kai kwamfutar Alhaji Kano aka ce bod ne, wato babban faifan ciki da komai ke manne a jikinsa, kuma ba a gyara shi sai dai a canza.

A zauren Alhaji ya ce, "Mai unguwa, ni ban kira shi da wani suna ba. Amma abu sabo fil ya shiga hannun mutum, tun daga ranar bai ƙara lafiya ba. In bai san abin da ya cire a ciki ba, alƙali zai tuna masa."

Wanda ya zauna a garin nan a shekarun nan ya san nauyin wannan magana, zargin sata ne a zamanin shari'a. Tuni ma aiki ya fara janye jiki daga shagona. Na roƙi a ba ni zuwa Babbar Sallah, in tafi da ita inda ake gyara bod, in dawo da ita tana aiki kuma in faɗi abin da ke kashe ta. Alhaji ya yarda bisa sharaɗin kada a musanya ko ƙwaya ɗaya. Nan take ya sa na buɗe ta, ya aika aka kawo farin fenti, ya bi kayan cikin yana ɗiga musu alama da tsinken ashana. Mai unguwa ya tambayi wa zai tsaya mini in na tafi ban dawo ba. Kawu Ila ya ce shi ne.

Kawu baduku ne a unguwar Limawa, a hannunsa na tashi. Gafaka yake ɗinkawa da jakunkuna da rigar rediyo, da laftof ta shigo kuma ya fara yi wa ta manya riga, fata a waje, jan ƙyalle mai laushi a ciki, an yanka ta yadda za ka buɗe murfi ka yi aikinka ba sai ka cire ba. Shi ya mayar wa ta Alhaji rigarta a ranar, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce kada in raba ta da ita a hanya, hanya ba ta da amana.

Zangona na farko Kwatano ne, domin a Kano an ce mini ta tasharta ta jirgin ruwa irin waɗannan na'urori suke shigowa, can kuma akwai masu gyara. Garin ya karɓe ni da ƙarar babura da Faransancin da ban san ko gaisuwarsa ba. Ina tsaye a tasha rungume da jaka sai wani dogon mutum ya yi mini sallama da Hausa tsantsa. Ya ce sunansa Sule, dillali ne, ya san Dutse, har ya ambaci dabinonmu. Wanda ya wuni bai ji harshensa ba ya san yadda wannan ke sanyaya zuciya. Na ce a raina da ɗan gari kan ci gari, na bi shi.

Ya kai ni wani shago a bayan babbar kasuwa, cike da matattun kwamfutoci har rufi. Ya ce maigidan shagon injiniya ne babba, ya yi tafiya, yana nan dawowa. Kafin nan in riƙa warware matattun, ina ware tagulla gefe, bod gefe, wai ta haka ake fara koyo. Na yi ta yi. A shagon nake kwana kan kwali, laftof ɗin Alhaji ne matashina. Kullum na tambayi injiniya sai Sule ya ce jirginsa ne ya yi jinkiri. Sai da makonni suka shuɗe wata mai sayar da shinkafa a bakin shagon ta gane abin da nake jira, ta yi mini bayani da hannu da guntun Turanci cewa babu wani injiniya. Shagon na Sule ne, ni kuma lebura ne da ba a biya.

Da na tunkare shi bai ko ji kunya ba. Ya shiga ciki ya fito da bod irin na Alhaji sak, ya ajiye a gabana. Ya ce wannan yana aiki, in sa shi, farin fenti kuma ba a Dutse kaɗai ake sayar da shi ba.

Ya ce, "Malam Sa'idu, tsinken ashana ne fa. Wa zai gane ɗigon wani da na wani? Ka koma gida gobe, kowa ya huta."

Na ce, "Ni zan gane. Kuma in ta sake mutuwa bayan wata uku, me zan ce musu?"

Ya ce wannan kuma tsakanina da Allah. Na ce ai tun farko ma tsakanina da Shi ne. Na tashi zan ɗauki jakar kayan aikina, sai ya taka ta da ƙafa, wai hakkin kwanan da na yi masa a shago. Mutanensa biyu suka matso. Na duba na ga in na tsaya faɗa a kan kayan aiki zan iya rasa amanar da ke hammatata. Na bar masa mitar gwajin wuta da ƙarfen dalma da sukuddirebobin da na tara tun zamanin rediyo, na fita.

Duk da haka ban bar Kwatano hannu rabbana ba. A cikin bod ɗin da na warware na lura da yawansu sun yi duhu a wuri guda, kewaye da wani aisi mai faɗi, wato ɗan baƙin ɓallen da ke manne a jikin bod, kamar tukunyar da wuta ta fi lasa ta gefe ɗaya. Ban san ma'anarsa ba, amma na riƙe. Akwai kuma wani ɗan Gana da ke zuwa sayen matattun bod. Na taɓa tambayarsa me ake yi da su, ya ce akwai wata mata a Ankara, babban birninsu, ana kiranta Madam Efuwa, ita ba ta yarda bod yana mutuwa ba sai ta ji dalili. Ya kwatanta mini unguwar.

A bodar shiga Togo wani jandarma, wato jami'in tsaronsu, ya hango jar fatar ta leƙo daga jakata, ya ce in sauko. Ya ce kayan sayarwa ne nake fasa-ƙwaurinsa. Na ce gyara zan kai. Ya ce in kunna. Na kunna ina addu'ar kada ta zaɓi ranar ta warke. Sai ga layukan nan sun cika fuskar, kore da shuɗi, suna rawa. Ya kira abokin aikinsa suka yi ta dariya, suka ce in wuce da gawata. Ranar kaɗai na gode wa ciwon nan.

Zango na biyu Lome. Ban yi niyyar tsayawa ba, zazzaɓi ne ya sauke ni daga mota. Direban ya sa aka kai ni zangon Hausawa, aka ajiye ni a ƙofar masallaci. Wani tsoho da ake kira Baba Alfa ya sa aka shigar da ni ɗakinsa na baƙi. Ina cikin rawar sanyi ban saki jakar ba, ya ce in ba shi ya ajiye. Na ƙi. Bai ji haushi ba, sai ya kawo igiya ya ɗaura hannun jakar a wuyan hannuna, ya ce to yanzu in yi barci.

Azumi ya same ni a gidansa. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, kuma da an sha ruwa koko ne da waken da aka dafa da shinkafa. Abinci ne mai kyau, amma ni kunun tsamiya nake gani a idona, da yadda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, da duwatsun Dutse in rana ta yi ja a bayansu. Na taɓa zuwa rumfar waya na kira wani maƙwabcinmu aka haɗa ni da mai ɗakina. Ta ce yara lafiya, sai dai ana ta magana a gari cewa na gudu da kayan Darakta, har wani ya faɗa wa Kawu haka a bakin masallaci. Na tambayi me Kawu ya ce. Ta ce cewa ya yi Sallah ba ta zo ba tukuna.

Baba Alfa ya ce kakansa daga wajen Kiyawa, kusa da Dutse, ya fito da fataken goro, shi kansa bai taɓa taka ƙasar ba. Kullum sai ya sa na kwatanta masa hanya, da kasuwar Shuwarin, da yadda gero ke tsayawa a gona. Sauran dabinon da na yi guzuri na ba shi, ya ci, ya wanke ƙwallayen ya ƙulle a ƙyalle. Da na warke ya ce akwai rumfar gyaran rediyo a zangon da mai ita ya rasu, in ina so a ba ni, in aika wa iyali su zo. Na gode masa, na ce an ba ni zuwa Babbar Sallah, kuma akwai wanda ya tsaya mini.

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kakana ma cewa ya yi bayan Sallah zai koma."

Washegari na kama hanya. Shi ya haɗa ni da direban da ya sani, ya kuma sa aka zuba mini guzurin shan ruwa.

Zango na uku Ankara. Shagon Madam Efuwa yana saman wani bene kusa da babban shataletale, hawa ne mai duhu, amma da ka shiga sai ka ga haske da tsabta. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, Kirista, mai tabarau da igiya a wuya, ta yi aiki a wata masana'antar kayan lantarki a Turai kafin ta dawo gida. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini nauyi da farko, magidanci kamata in tsaya gaban mace tana gyara mini riƙon sukuddireba. Amma na dubi teburinta na ga kowane sukuru yana cikin ɗan kwanonsa, na san na zo wurin mai tsari. Tana jin Hausar zango kaɗan, ni ina da Turancin kasuwa, da su muka yi ta lallaɓawa. Alhaji take kirana. Na ce mata ban je Makka ba, ta ce to in na je ba sai ta canza ba.

Ta ji labarina har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce za ta duba, amma ba yau ba, sai na iya dubawa da kaina. Ta ba ni kujera da aron kayan aiki, ta nuna mini lungun da zan riƙa salla. Tana da rediyo da ke waƙoƙin coci duk wuni, amma da ta ga na tayar da kabbara sai ta miƙa hannu ta rage. Har azumi ya ƙare ban ga ta ci abinci a gabana ba. Ranar Ƙaramar Sallah na je idi cikin baƙin fuskoki, na dawo ɗakin da nake haya na zauna ni kaɗai, sai ga saƙon tuwon shinkafa da miyar gyaɗa daga gare ta, ta sa wata Bahaushiya maƙwabciyarta ta dafa.

Ga abin da ta koya mini, kuma a kan kwamfutocin mutane ta sa na yi ta maimaitawa. In aka kawo mai ciwon fuska, ba a fara taɓa sukuddireba. Da farko a tambayi mai ita yadda abin ke farawa, da kunnawa ne ko sai ta jima tana aiki. Sannan a jona ta da monita, wato fuskar kwamfutar tebur. In hoto ya fito garau a can, laifin yana cikin murfi. In fuskar baƙa ce, a haska ta da tocila a kusa. Wanda ya hango inuwar rubutu ya san hoton na nan, fitilar baya ce ta mutu ko ɗan faifan da ke ba ta wuta. In layuka ne, a riƙa buɗe murfi ana rufewa a hankali. In suna canzawa da motsin, wayar gaɓa ce. Amma in monitar tebur ma ta nuna layukan, to a bar murfi ya huta, a gangara bod.

Da lokacin ta Alhaji ya yi, ta ce in yi da kaina tana kallo. Na ciro ta daga jaka, na zare rigar na mayar ciki kamar yadda na saba, na ɗora ta kan tebur. Na jona monita. Layukan nan suka bayyana a can ma, ba ragi. Madam ta leƙo ta saman tabarau ta ce na hukunta marasa laifi har biyu, sikirin da waya. Na karɓa, domin gaskiya ce. Muka buɗe, ta sa na danna wani aisi mai faɗi da yatsa, hoton ya daidaita, na saki ya rikice. Shi ne mai haɗa hoto, kuma kewayensa ya yi duhun nan da na gani a Kwatano. Ta ce ƙarƙashinsa akwai ƙananan ƙwayoyin dalma da ke riƙe shi da bod. In ya yi ta ɗaukar zafi fiye da kima yana hucewa, sai su tsattsage. Duk lokacin da na kwance na ɗaure a Dutse ina ɗan matse su ne ba da sanina ba, shi ya sa take farfaɗowa na ɗan lokaci.

Na ce alhamdu lillahi, a gyara in tafi. Ta ce gyaran ba wuya, za a sake narka dalmar da bulowa mai hura iska mai zafi ba tare da an taɓa ɗigon fenti ko ɗaya ba. Amma wannan tabo ne, ba shi ne ciwon ba. In na koma ban san mai dafa ta ba, kafin damina zan sake zama a zauren nan. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai ta fara tambaya. Wuta ce? Na ce Alhaji yana da na'urar daidaita wuta a ofis da gida. Zafin gari ne? Na ce zafin kowa yake duka, amma ba ta kowa ke dawowa ba. Ta ce to ta su wa ke dawowa. Na tsaya na bi su ɗaya bayan ɗaya a kaina, na ce ta manya ce. Tsofaffin da ɗalibai da masu buga takardu ke kawowa, masu fashe-fashe, in na gyara sun tafi ke nan. Ta ce a teburina fa, ta taɓa yi? Na ce ko sau ɗaya.

Ta ɗauki hantsaki ta zura bayan fanka, ta jawo wani curin gashi-gashi ta ajiye kan farar takarda. Na ce na sani, duk zuwan da ta yi sai na hure irinsa.

Ta ce, "Alhaji, dattin garinku ja ne?"

Na ce a'a.

"To mene ne ja a gidan mutumin nan?"

Na sunkuya na buɗe jakata, na ciro rigar da Kawu ya ɗinka na miƙa mata. Ta juya ta ciki da waje, ta shafa jan ƙyallen, ta kifa laftof ɗin ta nuna mini ramukan shaƙar iska da ke ƙasa da na fitarwa da ke gefe, sannan ta ɗora rigar a kai. Babu ko ƙofar allura. Na shekara ina cire rigar nan da hannuna ina ajiyewa gefe, in gwada na'ura tsirara ta yi lafiya, in mayar mata da rigarta in miƙa wa mai ita.

Bayan an gyara muka gwada. Ba riga, ta wuni tana aiki, ɗumi kawai. Da riga, kafin a sha shayi fanka ta fara kuka, ƙasan kuma ba ka iya barin tafin hannunka a kai. Madam ta kashe ta da sauri. Ta sake ɗaukar rigar tana duba ɗinkin, ta ce wanda ya yi wannan gwani ne, da bai iya ba da iska ta sami hanya. Ta tambayi ko na san shi. Na ce shi ya rene ni, kuma shi ya tsaya mini. Sai ga ranar tafiyata ta zo. Ta bar mini mitar da ta ara mini, ta ce in gaya masa tana son jakar hannu.

Na iso Dutse ana ta hada-hadar raguna. Ban fara zuwa wurin mai unguwa ba, Limawa na nufa bayan la'asar, na sami Kawu a rumfarsa yana ɗinki. Muka gaisa, ya ce na rame. Na zauna ƙasa na faɗa masa komai daga farko, ban rage ba.

Ya ce, "Wato har Gana ka je don ka gano kawunka ne mugun."

Na ce ba haka na ce ba, Kawu.

"Rediyo tun ba a haife ka ba nake yi masa riga. Bai taɓa kai ƙarata ba."

Na ce rediyo ba ya numfashi, wannan kuwa tana yi. Gani ya kori ji, na roƙe shi ya bari in nuna masa. Na sa mata rigar na kunna. Da fanka ta fara kuka na ɗaga ta, ya sa hannu a ƙasa, ya janye. Sannan ya ce in kashe kada in ƙara mata, gobe kuma in riƙe bakina a zaure sai an tambaye ni.

Washegari mu huɗun nan muka sake zama. Na buɗe na'urar, Alhaji ya sa tabarau ya bi ɗigon fentinsa har ya gamsu duk suna nan. Na ɗaure na kunna, hoto ya fito tas. Mai unguwa ya ce saura dalili. Kafin in buɗe baki Kawu ya jawo rigar ya ajiye a tsakiya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ake nema ga shi nan, kuma ni na ɗinka shi. In za a je gaban alƙali, da ni za a je. Ɗan nan nawa bai ɗauki komai ba."

Aka gwada a gabansu, Alhaji ya sa hannunsa ya ji. Ya ce shi fa don ya kare ta ya sayi rigar, da tsadarta. Kawu ya ce shi ma don ya kare ta ya ɗinka. Mai unguwa ya ce to kowa alheri ya nufa, sai a shafa fatiha. Alhaji bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma bayan hutun Sallah masinjansa ya kawo mini na'urori biyu daga ofishinsu, kuma a garin nan wannan ya isa sanarwa.

Kawu ya bi gidajen da ya yi wa ɗinki da ƙafarsa, ya karɓo rigunan ya mayar da su jakunkunan ɗauka. Cinikin bai koma kamar da ba, kuma ya ɗan jima yana amsa gaisuwata a taƙaice. Wata Juma'a ya aiko a kira ni, ya miƙo mini jakar hannu ta jar fata, ya ce in san yadda zan kai wa matar nan. Na juya ta na ga ya huda ƙasanta da ƙananan ramuka a jere. Na dube shi, ya ce ado ne, in kuma tana da abin cewa ta zo Limawa ta faɗa.

Mu mutane ne masu rufe abin da muke ƙauna. Muna yi wa rediyo riga, mu bar leda a kujerar mota, mu yafa wa talabijin ƙyalle. Har yau ana kawo mini masu layuka a fuska, in tambaya a ce a kan katifa ake aiki da su, ko kan filo, ko kan kafet mai gashi. Saboda haka ga roƙona gare ka mai karatu. In kana da ita, kafin ka kunna ka tuɓe mata duk abin da ka sa mata, ka ɗora ta kan abu mai tauri, ka bar ramukanta a buɗe. In kuma ta riga ta fara, kada ka bari a canza mata komai sai an jona ta da monita a gabanka. Ranar da za ka kawo ta wurina ko wurin wani, ka zo da rigarta a jikinta, ka faɗi gaskiyar inda take zama, kada ka sa wani bawan Allah ya je har Gana neman abin da ke cikin jakarsa.